Gurbin da ba a share ba: Ƙaramin kuskuren Linux da ke iya buɗe wayar mutum

Kanel shi ne ƙashin bayan manhajar da ke tafiyar da na'ura, kuma shi ke raba wa kowane aiki gurbinsa a ma'adanar bayanai. Wayoyin Android a kan kanel ɗin Linux suke, wanda aka rubuta akasarinsa da harshen C. Wannan harshe ba ya tilasta a share gurbi kafin a yi amfani da shi. Idan mai rubuta manhaja ya manta bai share ba, tsofaffin bayanai na nan kwance a ciki, mai kutse kuma zai iya karanta su ya gano sirrin kanel.

A watan Fabrairun 2025, Amnesty International ta bayyana cewa hukumomin Sabiya sun buɗe wayar wani ɗalibi ɗan fafutuka da kayan kamfanin Cellebrite, ta kafar USB. Ɗaya daga cikin kurakuran da aka danganta da harin, CVE-2024-50302, irin wannan ne. Gyaransa bai wuce sauya kmalloc da kzalloc ba, umarnin da ke cike gurbi da sifili tun daga farko. Google ya sanya gyaran a sabuntawar tsaro ta Maris 2025.

Tun daga Linux 6.1 na shekarar 2022, kanel yana da KMSAN, manhajar da ke farautar irin waɗannan kurakurai lokacin gwaji. Sai dai gyara ba ya isa ga wayar da kamfaninta ya daina aika mata sabuntawa.