Daga Yunwar Kakalaba Zuwa Yau: Waiwaye a Kan Tsawon Rai a Jihar Katsina

Sau da yawa idan aka zauna hira a ƙofar gida bayan sallar isha'i, sai ka ji wani dattijo ya ce mutanen da sun fi mu tsawon rai, ya kafa hujja da kakansa wanda ya haura shekara 90 yana riƙe da fartanya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Abin da akan manta shi ne, mai yiwuwa su goma aka haifa a ɗakin su wannan kaka, amma huɗu kaɗai suka kai munzali. Masana ƙididdiga sukan haɗa shekarun tsohon da ya ga tattaɓa-kunne da na jaririn da bai kai ranar suna ba, sannan su fitar da matsakaici. Saboda haka tarihin tsawon rai a ƙasar Katsina, galibinsa tarihin rayuwar ƙananan yara ne.

Iyayenmu a Rawayau da kewaye da masifu suke lissafin shekaru. Akwai yunwar Kakalaba ta 1914, sai annobar Marisuwa ta 1918, sai 'Yar Buhu a 1927, sai kuma 'Yar Gusau a 1942, lokacin da mutane suka yi ta tattaki yamma neman hatsi. Tsakanin waɗannan kuwa agana da baƙon dauro da sanƙarau ba su daina zagayowa ba, musamman da bazara. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani, waɗanda ake laƙaba wa 'ya'yan mai wabi, su kansu shaida ce ta yawan ƙananan kaburbura a wancan zamani. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, matsakaicin tsawon ran ɗan ƙasa bai wuce shekara 37 ba.

Mu da muka tashi a shekarun 1960 mun ga farkon sauyi da idonmu. A 1967 aka fara gangamin lambar agana, ma'aikata suna bin gari-gari da wata na'ura mai kama da bindiga, yara na gudu ana kamo su. Har yau tabon yana nan a damtsen da yawa daga cikinmu. Daga 1970 ba a sake samun mai agana a Nijeriya ba, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a doron ƙasa. Wanda bai taɓa ganin fuska mai zanzana ba, da wuya ya san girman wannan ni'ima. Duk da farin 1973, zuwa 1980 matsakaicin tsawon rai ya kai wajen shekara 45.

A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ƙarfafa rigakafin yara da ƙananan asibitocin karkara, aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. A cikin wannan tsakani ne aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ranar 23 ga Satumba, 1987. Ciwon kurkunu, wanda yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina, ya kama mutum sama da 650,000 a ƙidayar 1988. Da tace ruwan tafki da haƙa rijiyoyin burtsatse aka ci ƙarfinsa, har aka tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013.

Amma tafiyar ba ta kasance miƙaƙƙiya ba. Daga 1980 har zuwa 2000 alƙaluman sun tsaya cik a wajen shekara 45 zuwa 47. Matsin tattalin arziki ya bar asibitoci ba magani, rigakafi ya ja baya, sanƙarau na 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Mu malaman makaranta mun san shekarar a rajistarmu, domin akwai sunayen da muka ja wa layi, ba don masu su sun canza makaranta ba. Jita-jitar 2003 game da allurar shan-inna ta ƙara mayar da hannun agogo baya, sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da asalin ƙwayar cutar.

Bayan 2000 gidan sauro mai magani da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara da damina sun taimaka ƙwarai, har matsakaicin ƙasa ya kai kimanin shekara 54 a 2023. Sai dai kasonmu na wahala ya fi na sauran. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, alhali a Arewa maso Yamma, inda jiharmu take, adadin 187 ne. Wato kusan yaro ɗaya cikin biyar.

Yanzu ga sabuwar jarrabawa. Ta'addancin 'yan bindiga a yankunan Batsari da Safana da Kurfi da Dutsin-Ma ya raba manoma da yawa da gonakinsu, ya sa mai naƙuda tsoron hanya da dare. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a rabin farko na 2025 sanadiyyar tamowa. Mashaƙo, wanda allura ke hanawa, ya dawo a 2023. Yunwar da muka ɗauka labarin kakanni ce, ga ta a bakin ƙofa.

Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Tarihin nan ya nuna mana cewa abubuwa masu araha ne suka ƙara mana kusan shekara 17 tun daga 1960: allura, tsabtataccen ruwa, abinci da ilmin uwa. Muna kira ga ƙungiyarmu da ta sa gyaran rijiyoyin burtsatse da tallafa wa asibitin gari da motar ɗaukar masu haihuwa a sahun gaba cikin kasafinta na bana. Kowane maigida kuma ya duba katin rigakafin 'ya'yansa, ya bar matarsa ta je awon ciki, ya bar 'yarsa ta yi karatu. Allah Ya raya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.