Daga Allon Aduwa Zuwa Allon Gilashi: Tarihin Malami Da Kayan Aikinsa

Idan ana zancen lalacewar ilmi a ƙasar nan, abu na farko da mutane ke kawowa shi ne rashin kayan aiki. Za ka ji ana cewa da za a zuba kwamfutoci a makarantunmu, da tuni 'ya'yanmu sun kamo na Turai. Ni kuwa da na bi tarihin abin, sai na ga ba yau aka fara kawo wa malamin Arewa sabuwar na'ura ba. An kawo masa baƙin allo, an kawo littafin ɗab'i, an kawo rediyo da talabijin, ga kwamfuta, ga wayar hannu. Wasu sun zauna daram, wasu kuwa ƙura ta binne su a sito. Abin da ya raba su ɗaya ne: an tsaya an koya wa malamin, ko kuwa an bi ta bayansa?

Mu fara daga tushe. Kafin zuwan Turawa, malamin tsangaya shi ke haɗa kayan aikinsa da hannunsa. Allo a sassaƙo shi daga itacen aduwa, alƙalami a feƙe shi daga gamba ko kara, tawada a dafa ta da ƙaro. Kowane almajiri da allonsa, kuma kowa da inda karatunsa ya tsaya: wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani kuma ya yi nisa yana harda. Malam zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya biya wa kowa nasa, in ya iya ya wanke a rubuta masa na gaba. Shi kansa malamin hawa-hawa ya taka kafin ya zauna a kan buzu, daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, har in Allah Ya nufa ya zama alaramma ko gwani. Lokacin da Turawa suka ƙirga irin waɗannan makarantu a Arewa, sun samu sun haura 20,000. Wato ƙasar ba ta rasa malamai ba, kuma babu malamin da bai san sirrin kayan aikinsa ba.

A 1909 ne Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Abin lura shi ne bai fara da tara yara kawai ba, sai da ya buɗe ajin malamai. Manyan mutane masu gemu, waɗanda suka sauke Alƙur'ani suka karanci littattafai, suka zauna ana koya masu rubutu daga hagu zuwa dama, da lissafi, da labarin ƙasa. A nan suka haɗu da baƙin allo da alli.

Mai karatu zai iya cewa mene ne abin wahala a baƙin allo? To, duba da kyau. A tsangaya allo arba'in ne ga yara arba'in, a nan kuwa allo ɗaya ne tal ga aji guda. Dole malam ya miƙe tsaye, ya juya wa yara baya yana rubutu, kunnensa kuma na wajensu. Dole ya tsara darasinsa tun daga gida, ya san abin da zai fara da shi da inda zai tsaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Dole ya ja mai kaifin ƙwaƙwalwa da mai nauyin fahimta a tafiya ɗaya. Wannan sabuwar sana'a ce sukutum, kuma saboda ita aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Shekara biyar ɗalibi ke yi a can kafin a miƙa masa alli. Daga cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa akwai Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukkansu kuwa da koyarwa suka fara aiki.

Da aka samu masu karatun boko sai wata matsala ta taso: me za su karanta? A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye, mu marubuta da ku masu karatu. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, ita aka ɗora wa samar da littattafan makaranta. A 1933 shugabanta, Rupert East, ya zaga garuruwa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai. Su wa suka amsa? Malaman makaranta ne a sahun gaba. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, yana koyarwa a Katsina. Ƙanensa Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malami ne a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, yana koyarwa a Midil ta Bauchi.

Tarihin Imam shi ne misali mafi kyau na yadda malami ke girma tare da sabuwar na'ura. A 1936 aka ɗauko shi daga aji aka kai shi Zariya, aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna tare da East yana koyon yadda ake gina labari don injin ɗab'i: tsawon babi, kalmomin da yaro zai iya ɗauka, inda hoto zai shiga. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda har gobe ake karantawa a makarantu. A 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Injin bai rubuta ko harafi ɗaya da kansa ba. An samu malamin da ya san yara, aka ba shi lokaci da jagora, sai injin ya ɗauki muryarsa ya kai ta ajujuwan da bai taɓa takawa ba. Duk wanda ya taɓa sayen littafin soyayya a Bata ko a kasuwar Sabon Gari, ya sani cewa zaren ya faro ne daga buƙatar malamin makaranta.

Bayan littafi sai akwatin magana. Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, aka riƙa watsa darussa don makarantu. Nan ma aiki ya ƙaru a kan malami. Sai ya san ranar shiri da sa'arsa, ya tanadi batir, ya share wa yara fage kafin murya ta fara, sannan bayan ta gama ya bi da tambayoyi. Inda aka samu malami mai yin haka, yaran ƙauye sun ji lafazin Ingilishi da ba su da inda za su ji shi. Inda ba a samu ba kuwa, rediyon ya koma ofishin hedimasta ana jin labarun duniya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi gwajin da ya fi wannan ƙarfin hali. A 1964, da taimakon Faransa, suka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a Yamai da kewayenta. Da yake ƙwararrun malamai sun yi ƙaranci, sai aka ɗauko matasa masu takardar firamare kawai, aka yi masu gajeren horo, aka sa su kula da ajujuwa 22. Darasi na fitowa daga akwati da Faransanci, shi kuma matashin ya ja yara su maimaita, su yi wasa da abin da suka gani. Waɗanda suka je suka duba sun yaba da yadda yaran ke magana ba tsoro, kuma su kansu matasan sun goge, domin kullum suna kallon yadda gwanaye ke koyarwa, ana kuma bibiyar aikinsu. Amma shirin ya daɗe bai wuce yara 'yan ɗaruruwa ba, ga tsada, ga shi an gina shi a gefe, ba a jawo tsofaffin malamai da sufetocinsu ciki ba. Kwaddibuwa ta ɗauki irin wannan tsari a 1971 ta baza shi ƙasa baki ɗaya, amma zuwa farkon shekarun 1980 aka rufe shi, bayan iyaye da ƙungiyoyin malamai sun juya masa baya. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

A Nijeriya kuwa, 1976 ce shekarar da ta girgiza aikin koyarwa. Gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka yi lissafi. Aka shiga ɗibar malamai da gaggawa, wasu horonsu bai taka kara ya karya ba. Don cike wannan giɓi aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, wadda ke koyar da malami yana bakin aikinsa: a buga masa darussa a takarda, ya karanta da dare, ranar Asabar ko lokacin hutu ya je cibiya a yi masa bayani. Dubban malamai sun samu takardar Grade II da ta NCE ta wannan hanya. Ba wata na'ura mai walƙiya a ciki, takarda ce da jajircewa, amma ta yi aiki domin malamin aka nufa da ita.

Malaman Hausa kuma suna da tasu damuwar ta daban. Yawancin tafiretocin makarantu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, don haka in an buga takardar jarrabawa sai malam ya bi da biro yana lanƙwasa wa haruffa kai ɗaya bayan ɗaya, kada yaro ya karanta ƙasa a matsayin kasa. Da kwamfuta ta zo, ita ma ba ta san da zamansu ba. Malami ne ya kawo ɗauki: Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda fanninsa koyar da kimiyya ne, ya zauna a shekarun 1990 ya ƙera haruffan Hausa masu lanƙwasa don kwamfuta. Marubuta da masu ɗab'i a Kano sun ci moriyar wannan aiki shekara da shekaru kafin wayoyi su zo da haruffan a cikinsu.

Sai kuma zamanin da aka ɗauka kwamfuta ita ce maganin komai. A 2007 aka raba wa 'yan wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, ƙarƙashin shirin wani farfesa Ba'amurke, Nicholas Negroponte, mai burin kowane yaro a duniya ya mallaki tasa. Tunanin masu shirin shi ne yaro zai koya da kansa ko da malami bai iya ba. 'Yan jarida suka yi ta zuwa ɗaukar hoto. Yara kam sun riga malamansu gane kan na'urar, to amma sai matsalar wuta ta taso, ga lalacewa, ga darussan manhaja da ba a saka a ciki ba. Har ministan ilmi na lokacin ya fito yana tambayar amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da kujerar zama. Miliyan ɗin da aka yi zancen saye ba a saya ba, maganar ta bi ruwa.

Amma ko malami ya so ko ya ƙi, zamani bai jira shi ba. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ya tsinci kansa gabanta ranar da za a yanke makomarsa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. An yi ta muhawara a kan adalcin abin, amma tambayar da ta fi ci mini rai ita ce: wa ya ɗauke su aiki, kuma sau nawa aka mayar da su aji tun ranar da aka ɗauke su?

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Abin mamaki, sai aka koma wa tsohon akwatin nan. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka sa malamai koyarwa ta rediyo da talabijin. Malamin da ya saba karanta fuskar yaro ya gane ko ya fahimta, sai ga shi gaban makirfo a ɗaki shi kaɗai. Ya koyi rage gudu, ya koyi maimaitawa, ya koyi yin tambaya ya yi shiru na ɗan lokaci don yaron da ke gida ya amsa. Wasu kuma suka buɗe zaure a WhatsApp, suna ɗaukar hoton darasi suna turawa wayar iyaye, da kuɗin datar aljihunsu. Babu wanda ya shirya masu bita kafin nan. Wuya ce ta koya masu.

Yanzu ga shi an dawo inda aka faro. Wayar da ke hannun yaro allo ce irin ta tsangaya: kowa da tasa, kowa da inda ya tsaya. Bambancin kawai, allon aduwa ba ya ɗauke da komai sai abin da malam ya yarda a rubuta, wannan kuwa ya ɗauko duniya da alherinta da sharrinta. In haka ne, buƙatar malamin da ya san kan allon ta fi ta da ƙarfi.

Don haka duk shugaban da zai ba da kwangilar kwamfutoci, ya fara tambayar kansa nawa ya ware don horar da wanda zai tsaya gaban aji, da wutar da za ta kunna su, da mai gyara in sun lalace. Ɗan Hausa da ajin malamai ya fara, East zama ya yi da Imam wata da watanni. Ku kuma malamanmu, Allah Ya saka maku da alheri, kada girma ya hana ku tambayar ɗan cikinku yadda ake latsa abu. Waɗanda suka zauna a Nasarawa a 1909 sun fi mu gemu, kuma ba su ji kunyar ɗaukar alli ba. Gemu ba ya hana ilmi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Mu kwana nan.