Sukur: Ƙarfe Ne Ya Riƙe Garin Kan Dutse

A ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru, akwai ƙauyen Sukur a kan tsaunukan Mandara, wajen mita 1,000 sama da teku. Idan aka tambayi mutanen gindin tsauni abin da ya kai jama'a zama a irin wannan wuri, amsar a bakin kowa take: tsoron mahara da masu kamen bayi. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta mai da mutanen dutse 'yan gudun hijira kawai, alhali abin da suka bari a ƙasa yana nuna cewa dutsen shi ne dukiyarsu. Ƙarfe ne ya raya Sukur, kuma faɗuwar kasuwarsa ce ta raunana garin fiye da kowane yaƙi.

Hujjar farko tana cikin ƙoramu. Bayan ruwan damina ya wanke duwatsu, yakan bar baƙin yashi mai tama a gindin rafuffuka, a zamanin da akan tara shi a tace. Ana ƙona itace a yi gawayi, a zuba shi da tamar cikin murhun yumɓu, a yi ta aikin zuga-zugi har ƙarfe ya haɗu. Gidaje da yawa na garin suna wannan narki da rani, maƙera kuma, waɗanda zuriya ce daban mai aure a junanta, su ne masu sarrafa shi. Sandunan ƙarfe da fartanyoyi suna gangarawa ƙasa, inda manoman filayen da ke kudu da Borno suke buƙatarsu, fatake kuma suna hawowa saye. Sarkin garin, wanda ake kira Hidi, ya samu ƙarfinsa ne daga tsare wannan ciniki da kula da baƙin da ke zuwa dominsa.

Hujja ta biyu ita ce gini. Akwai hanyoyin da aka shimfiɗe da falalen duwatsu, suna hawowa daga gindin tsauni har cikin gari, akwai kuma fadar Hidi mai katangu da ƙofofi na dutsen da aka jera ba tare da laka ba. Mai ɓuya ba ya share hanya zuwa ƙofarsa. Wanda ya kashe ƙarfinsa wajen shimfiɗa dutse a kan gangare yana sa ran baƙi ne, kuma yana da abincin da zai ciyar da masu aikin. Abincin ya fito daga gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni, kowace da katangar dutse mai tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. A nan ake noma dawa da gero da wake. Bijimai kuma ana turke su a cikin garken da aka haƙa ƙasa aka kewaye da dutse, a kawo musu ciyawa, a kwashe takinsu zuwa gona. Ƙarfe ya sayo abin da dutse bai bayarwa, taki ya mai wa gona ƙarfinta, gona ta ciyar da masu narki.

Mai musu zai ce ai tarihin hare-hare ba ƙage ba ne. Haka ne. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar littafin da aka rubuta masa al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki ya lissafa farmakin da ya kai wa mutanen duwatsu, har da Sukur, da bayi da shanun da aka kama. Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Amma wannan shaidar tana goyon bayan maganata ne. Maharan sun hau dutsen sun yi ɓarna, wato tsaunin bai zama garkuwar da ake zato ba, duk da haka mutane ba su watse ba. Da tsoro kaɗai ya ajiye su, da sun sauko da zarar an cire Hamman Yaji. Sun ci gaba da zama da narki shekaru da dama bayan haka.

Abin da ya kashe wutar murhun shi ne araha. Da ƙarfen Turai da tarkacen motoci suka cika kasuwanni, maƙerin ƙasa ya daina jiran sandar Sukur, wajen shekarun 1960 kuma narkin ya mutu. A wannan lokaci ne yankin, wanda ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus sannan Ingila ta riƙe shi amana, ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Titin mota da makaranta da asibiti yawanci a ƙasa aka yi su, gonar fili kuma ta fi ta dutse sauƙin noma, sai matasa suka bi su.

Wani zai ce ai an ceci garin, tun da a 1999 UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi. Suna yana da amfani, amma bai hana 'yan Boko Haram ƙona gidaje a can a 2014 ba, kuma ba ya ɗaga dutse ko ɗaya. Katangar gona tana tsaye ne saboda akwai manomin da ke gyara ta bayan kowace damina, in ya tafi ruwa zai rushe ta cikin 'yan shekaru. Duk mai son Sukur ta ɗore, sai ya fara da tambayar da kakannin mutanenta suka amsa da tama: me mutum zai sayar daga kan dutsen nan har ya ga zamansa ya fi saukowa riba?