Karin Harshen da Kunne Ke So: Nazari a Kan Kananci da Hausar Yamma

Gabatarwa

Da wuya a tambayi Bahaushe wace Hausa ta fi masa daɗin sauraro ya rasa amsa. Wani zai ce Kananci, don ya fi fita tsaf. Wani zai ce Sakkwatanci, don nauyinsa da kwarjininsa. Wannan nazari zai bi diddigin inda wannan daɗi yake fitowa. Matsayarsa ita ce, kunne yana son lafazi ne gwargwadon darajar bakin da ya saba jin sa da shi, da kuma muhallin da ya ji shi.

Inda aka bambanta

Masana sukan kasa karin harshen Hausa gida biyu manya. Akwai na gabas, irin su Kananci da Zazzaganci da Bausanci, akwai kuma na yamma, wanda ya haɗa Sakkwato da Zamfara da Kabi da Gobir har zuwa Tawa da Dogon Dutse a Nijar. Katsinanci yana tsakani, amma ya fi karkata yamma. Inda Bakano zai ce "tafi" da "fata", Basakkwace zai ce "tahi" da "hwata". "Yana zuwa" ta zama "shina zuwa", "shi ne" da "ita ce" su zama "shi na" da "ita ta". A kudu kuwa, wajen Zazzau da Bauchi, ana yawan sakin bambancin namiji da mace, har a ji "riga na".

Wani abin lura shi ne, yawancin siffofin yamma sun girmi na Kano. Tun a ƙarshen shekarun 1920 Bajamushen masani August Klingenheben ya bayyana yadda wasu baƙaƙe suka yi laushi a ƙarshen gaɓa. Saboda haka "zamna" da "sabro" da "abduga" su ne na asali, "zauna" da "sauro" da "auduga" kuwa daga baya suka samu. Ashe abin da wasu ke yi wa kallon karkatacciyar Hausa shi ne ya fi kusa da tushe.

Yadda Kananci ya sami kunne

Fifikon Kananci aikin tarihi ne. Kano cibiyar kasuwanci ce tun da daɗewa, kuma a kan Hausarta aka gina daidaitacciyar Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta shigar da wannan salo gidaje, duk da cewa editanta Abubakar Imam haifaffen Kagara ne, a Katsina kuma ya yi karatu. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, na Muryar Amurka a 1979, daga baya finafinan Kano suka ɗora. Wanda ya tashi yana jin labaran duniya da darasin aji da hirar masoya a fim duk da lafazi guda, dole ya riƙa jin lafazin nan a matsayin na wayewa.

Kwarjinin yamma

Sai dai idan aka koma fagen waƙar baka, lissafin ya juya. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, duk da Hausar yamma suka yi waƙa. Mamman Shata ma Bakatsine ne daga Musawa. A bakinsu babu mai jin "ƙauyanci". Sarauta ake ji da fasaha.

A dubi ɗan Sakkwato mai tsaron shago a kasuwar Kantin Kwari ta Kano. A gaban mai saye zai ce, "Bismillah Alhaji, zauna." Da wayar mahaifiyarsa ta shigo sai harshe ya koma gida: "Lahiya lau Inna, shina nan tahe." Alhajin zai yi murmushi ya kwaikwaye shi, sannan ya shiga motarsa ya kunna Narambaɗa yana kaɗa kai. Sautin bai canja ba, matsayin mai maganar ne ya canja. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan cewa daɗin lafazi koyonsa ake yi.

Ba kowace kwaikwayo ce raini ba. Tsakanin Kanawa da Zazzagawa akwai wasan barkwanci da ke ƙara zumunci. Matsalar tana farawa ne idan dariyar ta bi hanya guda kullum, har yaro ya riƙa jin kunyar Hausar iyayensa a aji.

Kammalawa

Daidaitacciyar Hausa wajibi ce ga rubutu da koyarwa, ba a kuma neman a rushe ta. Abin da ya dace shi ne gidajen rediyo su bar baƙonsu ya yi magana da karin garinsu, masu shirya fim su ba Basakkwace da Bazazzagi matsayin alƙali da likita da lafazinsu, sassan Hausa na jami'o'i kuma su himmatu wajen naɗar muryoyin dattawa. Kunnen da ya ji karin harshe a wurin daraja zai koyi son sa, kamar yadda ya koyi son Kananci.