Gidan Madaki na Kafin Madaki: Wa Ya Gina Shi?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Ningi, ya aiko yana son tarihin tsohon gidan nan na Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauchi.

To Malam, wajen shekarar 1860 aka gina shi, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, domin Madakin Bauchi na lokacin. Maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake wa laƙabi da Babban Gwani, wato mutumin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya.

Ka san ba siminti, ba kwano a wancan zamani. Tubali ne da ƙasa, sai azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Gwanintarsa tana ga bakan gizo: a jera azara, a ɗaure, a lanƙwaso daga bango zuwa bango, a yaɓe, har ta ɗauki nauyin rufin soro.

Maganar mallaka kuma, gidan sarauta ne na Madaki tun asali. A 1956 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, saboda haka ba mai ikon rushe shi yadda ya ga dama.

Malam, in kana da soron gado, kada ka yi saurin rushewa. Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin damina, a kuma gyara indararo. Wanda ya kula da nasa, jikoki ma sa shiga.