Zugazugin da Ke Waƙa: Tarihin Ogan na Babbar Majami'ar Ikko

Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera a Achilafiya, ko a kasuwar Kazaure, ya ga yaro ya durƙusa yana danna zugazugi hannu bayan hannu har gawayi ya yi jawur, to haƙiƙa ya san rabin sirrin wannan abin kiɗa da Nasara ke kira ogan, Larabawa kuwa su ce urgun. Gama shi ma iska ce ransa. Ana tara ta cikin wani akwati na katako da fata, a danne ta da nauyi domin kada ta yi ƙarfi yanzu ta yi rauni an jima, sa'an nan makaɗi ya taɓa maɓalli, wata 'yar ƙofa ta buɗe, iskar ta shige bututu ta fito da amo irin na sarewa. Sai dai sarewar makiyayi guda ce, shi kuwa babban ogan bututansa dubbai ne, wani bai kai alƙalami ba, wani ya kai ƙafa 16, kowanne da muryarsa ɗaya tak.

Ma'abota tarihi sun jingina ƙirƙirarsa ga Kitisibiyus, mutumin Iskandariyya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Malaman Larabawa sun naƙalto bayaninsa daga littattafan Yunanawa, har Banu Musa na Bagadaza suka siffanta wani mai busa kansa da ƙarfin ruwa a ƙarni na 9. A da can kayan alfarmar sarakuna ne: a 757 Sarkin Rum na Kusɗanɗiniyya ya aika wa Pepin, sarkin Faransawan dauri, da guda, a 1599 kuma Sarauniya Elizabet ta Ingila ta aika wa Sultan Muhammadu na Uku da wani, tare da maƙerinsa Thomas Dallam. Sannu a hankali ya shiga majami'u har ya zama nasu.

A ƙasarmu, wanda labarinsa ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na babbar majami'ar Angilikan da ke Marina, a Ikko, wadda aka aza harsashin gininta na yanzu a 1925, aka gama a 1946. Makaɗinta a lokacin shi ne T. K. Ekundayo Phillips, wanda ya yi karatun kiɗa a Landan, ya riƙe wannan muƙami tun 1914 har 1962, shekara 48 cur, kuma a hannunsa makaɗin nan Fela Sowande ya tashi. Shi ne ya ɗauki mawaƙansa a 1930 ya kai su Abeokuta da Badun suna rera waƙa ana tara gudummawa, har a 1932 aka kafa sabon ogan, ƙirar kamfanin Abbott and Smith na birnin Leeds.

To, a nan fa aikin ya fara, domin saye na yini ɗaya ne, riƙo kuwa sai mai haƙuri. Ogan sana'a uku ce aka haɗa wuri guda, kuma duka ukun mun san su: ƙira, domin yawancin bututan na kuza ne da dalma, sassaƙa, domin akwatunan iska da manyan bututai, da dukanci, domin fatar tumaki ce ke toshe kowace kafa, ita ce kuma ke naɗewa tana buɗewa a jikin zugazugin. Kowacce kuwa da abokin gabarta. Damshin bakin teku yana kumbura katako, yana sa manne ya saki, gishirin iska yana cin ƙarfe, gara da kyankyasai suna bin fata da itace a ɓoye. In hunturu ya sauko kuma sai katakon nan da ya kumbura ya tsuke ya tsage, kamar yadda ƙyauren ɗaki ke yi mana a nan arewa. Alamar farko 'yar ƙarama ce: wani bututu ya ƙi yin shiru bayan an ɗage yatsa, ya yi ta kuka shi kaɗai ana tsakiyar addu'a. Daga nan sai mai gyara ya hau tsani ya shiga cikin na'urar, yana ƙwanƙwasa bakin bututu ɗaya bayan ɗaya, wani a ƙasa yana danna masa maɓalli, har muryoyin su daidaita.

Da irin wannan ɗawainiya aka riƙe ogan ɗin majami'ar shekara 34, kafin a yi masa gyara na gaba ɗaya a 1966, zamanin da Charles Obayomi Phillips ya gaji mahaifinsa a kan kujerar. Gyaran ya ƙara masa shekaru arba'in da wani abu. Amma fata tana da iyakar facin da take ɗauka, kuma akwai ranar da kuɗin gyara ke kusantar kuɗin sabo. Da wannan rana ta zo, jama'ar suka juya ga kamfanin Oberlinger na Jamus, wanda ya ƙera musu mai jerin maɓallai 4 da rukunin muryoyi 64, aka keɓe shi a 2010.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, kuma na yaba da himmarsu. Abin da ke sosa mini rai shi ne, sau biyu cikin shekara 78 ana tsallaka teku a nemo ƙirar, alhali kuwa kuzar da ake narka irin waɗannan bututai da ita akwai ta a duwatsun Jos, dukawan Kano kuma sun shekara ɗaruruwa suna sarrafa fatar da Turawa da kansu suka yi ta saye. Yaron nan na maƙera, wanda ke jin ƙarfin iska a tafin hannunsa tun bai kai shekara goma ba, da an kai shi an nuna masa, ina da yaƙinin da zai iya.