Daga Allo da Alli zuwa Zauren JAMB: Yadda Kwamfuta Ta Shigo Makarantun Gwamnati

Wata rana na leƙa wani aji a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati da ke bayan gari, na tarar ana darasin kwamfuta. Malam ya zana wani akwati mai kama da talabijin a allo, a gefensa ya zana wani ɗan abu mai doguwar wutsiya, ya rubuta sunan kowanne. Yara sun cika ajin maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, yana faɗa suna amsawa. Can sai ya ɗauko murfin kwalin taliya da ya zana wa haruffa layi-layi da biro, aka riƙa zagayawa da shi, kowa ya ɗora yatsunsa ya miƙa wa na kusa. Makarantar tana da ɗakin kwamfuta a ƙarshen baranda, amma da kwaɗo a ƙofar, domin rabonsu da wuta an kwana biyu, kuɗin man janareto kuma babu. Ban ga laifin malamin nan ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, lokacin an fi shekara ashirin da gwamnati ta ce kowane ɗan makaranta zai koyi kwamfuta.

Maganar ta faro ne a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. A ƙarshen 1987 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Jibril Aminu, ya kafa kwamitin da zai tsara yadda za a shigar da kwamfuta makarantu, kuma a 1988 aka fitar da manufar ƙasa kan ilimin kwamfuta. Aka soma gwaji a kwalejojin gwamnatin tarayya. Zaɓin yana da hujja, don su ne ke da gini da wuta da malamai. Sai dai ɗan manomi da ɗan mai facin taya ba can suke ba. Suna makarantun jiha da na ƙaramar hukuma, kuma gwajin bai taɓa gangarowa wurinsu yadda aka tsara ba. Shekarun da suka biyo baya na tsuke bakin aljihu ne: naira ta faɗi, albashin malamai ya zama abin jira, wa zai yi zancen na'urar da ake saye da dala?

A wannan tsakanin, waɗanda suka riƙe wa 'ya'yan talakawa fitila ba hukuma ba ce. A Kano, wani ɗan shiri na koyar da kwamfuta da aka fara a 1996 shi ne ya girma ya zama cibiyar CITAD. A Kafanchan, gidauniyar Fantsuam ta riƙa koya wa matasan karkara da tsofaffin kwamfutoci, a inda wutar NEPA baƙuwa ce. Sauran kuwa a shagunan buga takardu suka koya, yaro ya yi shara ya yi aike, in maigida ya tashi sallah ya ɗan taɓa madannai.

Shekarar 2001 ta zo da sauyi. Wayar salula ta shigo a watan Agusta, an fitar da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa, an kafa hukumar NITDA, a Jigawa kuma gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda daga baya ya riƙa kai wa makarantun gwamnati kwamfutoci da intanet. A 2008 sabuwar manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara ta fara aiki, da darasin kwamfuta a cikinta tun daga firamare. Daga nan ne aka samu irin ajin da na gani: darasi ya zama dole a takarda, za a yi jarrabawa a kansa, amma na'ura da malamin da ya san ta ba su iso ba.

Babu abin da ya ɗaga buri kamar shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. Wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, shi ya fito da shi a 2005, da alƙawarin kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100 don yaran ƙasashe matalauta. A watan Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a taron duniya a Tunis, tana da mariƙi a gefe da ake juyawa don caji. Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan yana gwada shi, mariƙin ya ɓalle a hannunsa. An sa Najeriya cikin ƙasashen farko da aka ce za su sayi miliyan guda. A 2007 aka raba wa ɗaliban firamaren gwamnati ta Galadima, a gefen Abuja, kimanin guda 300 na wannan 'yar na'ura mai launin kore da fari.

Abin da ya faru a Galadima ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna abu biyu a lokaci guda. Yaran da ba su taɓa riƙe kwamfuta ba sun iya ta cikin 'yan makonni, har wasunsu suka buɗe ɗan wurin gyara a makarantar, suna kwance wadda ta lalace suna sauya mata kaya da hannunsu. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa ɗan talaka ba zai gane ba. Amma kuma makarantar sai da aka kawo mata janareto da tauraron ɗan'adam na intanet, abin da ba kowace firamare za ta samu ba. Aka wayi gari jaridu na ba da labarin yara sun shiga shafukan batsa, saboda ba a sa matattara ba tun farko. Kuɗin na'urar ya haura zuwa dala 188. Wani kamfani ya kai ƙara kotu a Legas kan cewa an kwaikwayi tsarin madannansa. Gwamnati ta sauya, sabon ministan ilimi ya fito ya ce bai ga hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama ba. Miliyan ɗin nan ba a taɓa sayen ta ba.

Na daɗe ina juya maganar ministan. Gaskiya ya faɗa game da kujeru, amma yaran ba su samu kwamfutar ba, kujerun ma da yawansu har yau suna jira. Ƙasar Yurugwai ta ɗauki wannan na'urar dai a 2007, zuwa 2009 ta kai ta hannun kowane ɗan firamaren gwamnati, don ta haɗa da horar da malamai da intanet da masu gyara. A Peru kuwa, inda aka raba da yawa ba tare da isasshen shiri ba, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin ƙoƙari a lissafi da karatu ba. Mu a nan mun fi son ranar rabo, ranar da ake yanka kirtani a ɗauki hoto. Kuɗin mai da albashin mai gyara ba su da biki, shi ya sa ake mantawa da su.

A ƙarshe abin da ya zaunar da ɗan talaka gaban kwamfuta ba darasi ba ne, jarrabawa ce. A 2013 hukumar JAMB ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde ta fara ba da zaɓin rubuta jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta, a 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. An yi haka don maganin satar amsa, kuma ya rage ta. Sai dai ɗalibai da yawa daga ƙauyuka ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa na'urar. Na ga wata yarinya a shagon koyon kwamfuta, saura kwana uku ta shiga zaure, ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana nuna allon da shi kamar rimot. Mai shagon ya ce, “Ƙanwata, ajiye shi a tebur, ki tura a hankali.” Hannunta na rawa. Ta san amsar tambayar, isa gare ta ne ya gagara. Kuɗin awa biyun da ta biya, mahaifiyarta ce ta tara daga cinikin ƙosai.

Hukumar ta lura da wannan. A 2017, zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, aka kawo jarrabawar gwaji, aka kuma tsara yadda ɗalibi zai gama komai da maɓallai takwas ba tare da linzami ba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S da R don miƙawa ko komawa. Sauƙi ne na gaske, kuma shaida ce cewa makaranta ba ta yi nata aikin ba.

Da korona ta rufe makarantu a 2020, 'ya'yan masu hali suka koma karatu ta intanet, jihohi irin su Kano da Kaduna kuma suka koma rediyo da talabijin, don su ne ke isa gidan talaka. A 2024 WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zana ta da kansu ba ta hannun makaranta ba, daga baya kuma ma'aikatar ilimi ta ce ita da NECO za su bi sahun JAMB. Wannan karon ba masu neman jami'a kaɗai abin zai shafa ba, duk ɗan ajin ƙarshe na sakandare ne, har da ƙannen yaran nan da na gani suna ɗora yatsu a kan murfin kwali.